Tseren karen bigil wasa ne mai kyau, matuƙar ba a mai da shi caca ba

Jama'a, duk wanda ya san ɗan karen nan mai dogayen kunnuwa da Turawa ke kira beagle (bigil) ya san hanci ne yake tafiyar da shi. A Ingila aka raini irinsa domin farautar zomo, inda ake sakin garke guda su bi sawu, mutane na biye da su a ƙafa. Tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa bai wuce santimita 33 zuwa 40 ba, nauyinsa kuma kilo 9 zuwa 13 ne in ba a ɓata shi da abinci ba. Kare irin wannan in aka kulle shi a gida ba aikin yi, sai ya koma haushi da tona rami da tara ƙiba. Shi ya sa nake goyon bayan tseren nishaɗi da masu irin waɗannan karnuka ke shiryawa a Birtaniya da Amurka. Goyon bayan nawa yana da sharaɗi: fili ya zama gajere, miƙaƙƙe, kuma kada kuɗi ya shigo ciki.

Tsarin da ya fi burge ni shi ne Fast CAT na ƙungiyar masu karnuka ta Amurka, American Kennel Club. Kare ɗaya ne ke gudu a lokaci guda, yadi 100, wato kusan mita 91, yana bin farar leda da igiya ke ja. Ba a karɓar wanda bai cika wata 12 ba, haka ma karyar da ke lokacin barbara. Ana raba 204.545 da daƙiƙoƙin da ya yi, sai a sami saurinsa na mil a awa, sannan a ninka gwargwadon tsayinsa don a sami makinsa: mai inci 18 ko fiye sau 1, mai inci 12 zuwa ƙasa da 18 sau 1.5, wanda bai kai 12 ba sau 2. Yawancin bigil a rukunin tsakiya suke. In ya gama cikin daƙiƙa 10, ya yi wajen mil 20 a awa ke nan, maki 30 da ɗoriya. Sai ya tara maki 150 yake samun lambar yabo ta matakin farko. Abin da nake so a nan shi ne da agogo karen yake takara, ba wanda ke tura shi ya bangaje ɗan'uwansa.

Kayan aikin ba su da yawa. Ana buƙatar inji mai naɗe igiya, wanda da yawa da kik ɗin mota da batir mai bolt 12 ake haɗa shi, sai igiyar leda siririya mai ƙwari, da ƙananan tayoyin da ake kafawa a ƙasa igiyar ta riƙa bi ta kansu, da shinge gefe da gefe. Bayan layin ƙarshe a bar aƙalla mita 30 fili fayau, domin karen da ya taho da gudu ba ya tsayawa cak, in ya tarar da katanga ko mota da ita zai yi karo.

Inda masu sabon farawa suka fi tafka kuskure shi ne ɗaukar bigil kamar greyhound, siririn karen tsere mai dogayen ƙafafu. Shi greyhound da ido yake farauta, da zarar ya ga abu ya gifta ya bi. Bigil kuwa zai iya tashi da ƙarfi, ya yi mita 40, ƙanshin wani zomo da ya wuce da asuba ya bugi hancinsa, sai ka ga ya sunkuyar da kai ya karkace ya manta da leda. Wannan ba taurin kai ba ne, aikin da aka raine shi a kai ke nan shekaru aru-aru. Maganinsa a ba hancin rabonsa: a ɗaura guntun fatar zomo a jikin ledar, a bar shi ya sunsuna kafin a sake shi. A kuma zaɓi filin da aka yanke ciyawarsa ƙasa-ƙasa, ba bakin daji ba inda zomaye ke kiwo da dare. Mai jan igiya shi ma yana da nasa aikin. Ya riƙe ledar mita biyar zuwa goma a gaban kare. In ta yi nisa, karen ya fid da rai ya koma sunsuna ƙasa. In ta matso, ya cafke ta, igiyar da ke gudu ta goge masa ƙafa ko ta yanke shi tsakanin yatsu, wani ma ya haɗiye guntun leda.

Horo a gida ake fara shi. A sami sanda, a ɗaura mata igiya mita ɗaya da rabi, a ƙarshenta leda da fatar, a riƙa jan ta a ƙasa minti biyu ko uku, a bar shi ya kama sau da yawa don ya ji daɗin nasara. Kada a ɗaga ta sama yana tsalle yana murɗa baya, domin wannan iri yana yawan samun ciwon gadon baya. In ya saba, mutum biyu su fita da shi: ɗaya ya riƙe shi a mafara, mai karen ya tsaya a ƙarshe yana kiransa da guntun nama a hannu. Mita 20 tukuna, bayan 'yan kwanaki mita 40, sannan cikakken fili. Naman nan yana da amfani sosai, don kama bigil bayan tsere ya fi sakinsa wuya.

Ranar tsere kada a cika masa ciki, a bar awa biyu ko fiye tsakanin abinci da gudu. A zaga da shi minti goma jikinsa ya saki. A rage masa farce tun kwana biyu kafin nan, saboda dogon farce yana maƙalewa a ƙasa ya tsage. Mutum ya taka filin da ƙafarsa yana duba ramuka da kwalba da ƙaya. Gudu biyu a yini ya isa. A kuma shafa haƙarƙarinsa: in sai an danna kafin a ji ƙashi, wannan karen rage ƙiba yake buƙata da doguwar tafiya, tsere ya jira.

Zafi shi ne babban mai kisa. Kare da haki yake sanyaya jikinsa, gumin da yake yi a tafin ƙafa kaɗan ne. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne, in ya haura 41 rayuwarsa na cikin haɗari. Harshe ya zazzago ya yi faɗi, dasashi ya yi jajir, yawu mai kauri, tangaɗi: da an ga haka a kai shi inuwa, a kwara masa ruwa mai sanyi, a yi masa fifita, a garzaya wajen likitan dabbobi. Wanda ke riƙe da irin wannan kare a Kano ko Abuja ko Yamai yana son gwadawa, da sassafe kawai zai yi, kuma sai allurar rigakafin haukan kare ta cika kafin ya haɗa shi da wasu.

In dole sai an saki uku ko huɗu tare, kamar yadda ake yi a wasu bukukuwan ƙauye, a sa musu takunkumi mai raga wanda za su iya haki a ciki, don a kan leda a ƙarshen fili faɗa ke ɓarkewa.

Batun kuɗi kuwa ba na sassautawa. Mun ga inda tseren greyhound na caca ya kai: a 2018 mutanen jihar Florida ta Amurka suka jefa ƙuri'ar hana shi, aka rufe filayen zuwa ƙarshen 2020, saboda koke-koken karaya da tsare karnuka a keji. Da zarar an sa kuɗi a kan kare, sai a fara sakin mai ɗingishi, a gudanar da tsere da tsakar rana don 'yan kallo sun taru. Masu shirya tseren bigil su rubuta a ƙa'idarsu tun ranar farko cewa ba caca, kuma duk karen da aka ga yana ɗingishi a mafara a mai da shi wajen mai shi.