Ni da Koyil Lamba Uku

Ranar Laraba jif ɗina ta fara rawar ɗari. Muna tsaye a danja a titin Zariya sai na ji sitiyari yana karkarwa kamar mai masassara, wutar cek kuma ta hau ƙiftawa. Highlander ce ƙirar 2008 mai silinda shida, ba ta taɓa kunyata ni a bainar jama'a ba sai ranar. Har wani mai adaidaita sahu ya leƙo ya ce, "Alhaji, motarka fa misin take yi."

Mai hankali gareji zai nufa. Ni kuwa ina da wata 'yar na'ura da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari ta yi magana da waya, wata takwas tana kwance a aljihun mota ba ta samu aiki ba. Na soka, ta rubuto P0303, wato silinda ta uku ba ta kama wuta. Na kira bakanikena, ya ce ko koyil ne ko filogi, kuma in daina yawo da ita wutar nan tana ƙiftawa, don man da bai ƙone ba zai gangara salansa ya dafa mini indomi. Haka suke kiran matatar hayaƙin nan mai tsadar tsiya. Da ya faɗi kuɗin aiki na ce, "Haba malam, don noti ɗaya?" Ya yi wata 'yar dariya, ya ce, "To Allah ya ba da sa'a, Alhaji."

Asabar da safe na je Ƙofar Ruwa na sayo koyil guda. Na dawo na shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, na jera sifanoni kamar likita zai shiga tiyata. Uwargida ta fito ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ka dai tuna akwai sunan ƙanwata ƙarfe huɗu."

"Hajiya, kafin shayi ya huce na gama."

Na ɗaga bonet na cire murfin inji, ga koyil uku a jere suna kallona. Har na tara yara na yi musu darasi, yadda wannan ɗan abin ke karɓar wutar batir mai ƙarfin 12 ya mai da ita dubbai, ya aika wa filogi ya yi tartsatsi. Na ƙirga daga hagu: ɗaya, biyu, uku. Na kwance noti da soket lamba 10, na zare tsoho na zura sabo. Minti bakwai cif. Na goge hannu a hankali don maƙwabta su gani, na murza makulli.

Ta ci gaba da rawarta, ko kunya babu.

Ɗana na fari, wanda ke aji biyu a ƙaramar sakandare, shi ya jefo tambayar da ta ɓata mini rana. "Baba, ba ka ce silinda shida ba ne? Ina sauran ukun?"

Ashe na gaban nan 2, 4 da 6 ne. Lafiyayyen koyil na silinda ta shida na tsige ba laifin tsaye ba na zaune. Su 1, 3 da 5 suna can baya jikin bangon inji, manifol, wato bututan da ke raba wa silindoji iska, ya kwanta a kansu kamar kaza kan ƙwai. Nan dariyar bakanike ta dawo mini a kunne.

To, in ka ga ɗan Adam ya sa kansa a rami, girman kai ne ke miƙo masa shebur. Na cire bututun iska, na cire wayoyi, na bi tiyo-tiyo ina zarewa ina ce wa kaina ai zan tuna mazaunin kowa. Akwai wasu notina a baya waɗanda ido ba ya ganinsu, sai dai yatsa ya yi lalube. Na hau kan bokiti, na kwanta rub da ciki a kan inji, ƙafafu a sama. A haka maƙwabcina ya wuce ya ce, "Sannu da iyo, Alhaji." Ina cikin amsawa soket lamba 10 ta suɓuce, na ji ƙwal, ƙwal, sai shiru. Ba ta faɗo ƙasa ba. Na haska da fitilar waya, na girgiza mota, na aika yaro ƙarƙashi da tsintsiya. Ƙarshe sai aro na aika aka yi wajen mai gyaran janareta.

Wajen ƙarfe ɗaya na ɗaga manifol, na zaro mai laifin, na ajiye shi a kan tabarma can gefe, nesa da lafiyayyen da na cire da safe. Mara lafiya a dama, mai lafiya a hagu. Aka kira Azahar na tafi masallaci.

Na dawo na tarar autata, 'yar shekara biyar, ta yi mini gyara. Ta goge su tas da tsumma, ta kwantar da su kafaɗa da kafaɗa, ta lulluɓa musu hankici wai barci suke yi. Hassan da Hussaini. Lamba ɗaya, launi ɗaya, tsufa ɗaya. Na ce, "Mamana, wanne ne yake nan ɓangaren?" Ta nuna ɗaya, ta kalli fuskata, ta nuna ɗayan.

Na sansana su. Wallahi na sansana su, ban san me nake nema ba. Daga ƙarshe na yi bismillah na yi canki-canka, na zura wanda hannuna ya faɗa kai, na mayar da manifol. Ƙarfe uku da rabi na ɗaure na ƙarshe, sai ga noti biyu sun yi saura a murfin kwano. Na zuba su a aljihu kafin Hajiya ta gani, don ta riga ta fito da gyalenta da turarenta ta zauna a kujerar gaba.

Na murza. Rawar tana nan, yanzu har da rakiyar wani fito, fiiii, kamar tukunyar shayi. Na soka na'ura: P0303 ɗina yana nan daram, ya kuma samu aboki, P0171, wato iska ta yi wa mai yawa a inji. Hajiya ba ta ce uffan ba. Ta sauka, ta gyara gyale, ta ce wa yaro ya tsayar mata da adaidaita. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Injiniya, shayinka yana kan tebur."

Bakanike bai zo da kansa ba, yaronsa ya turo, wanda ko gemu bai fara ba. Ya saurari fiton, ya zura hannu baya, ya mayar da wani siririn tiyo da na manta, shiru ya sauka. Na ba shi labarin tagwaye. Ya daɗe yana kallon ƙasa, ina ganin kafaɗunsa suna motsi.

"Baba, ai da sabon ka cire ka kai baya, tunda shi ka tabbatar da shi. Tsofaffin nan biyu sai ka gwada su a gaba ɗaya bayan ɗaya, minti biyu ne."

Na ce masa ai na yi wannan tunanin, lokaci ne ya ƙure.

Ya sake kwance duk abin da na ɗaure, ya karɓi notinan aljihuna ya kai su gidajensu ba tare da ya tambayi yadda aka yi ba. Ya ce tunda an buɗe a sauya filogin baya gaba ɗaya da gaskit, na ce a sauya. Kuɗin aikin da na tsere wa na biya shi cif, na ƙara da kuɗin mashin ɗin yaro, na kuma sayo wa kaina sabuwar soket.

Mota ta koma lafiya lau. Sai dai duk lokacin da na hau bamp ina jin ƙwal daga can ƙasan inji, Hajiya kuma daga kujerarta takan ce, "Injiniya, ana gaishe ka."