Bashin kumbo da bashin Pragya, duk kanwar ja ce

Jama'a jiya da daddare a majalisarmu ta Aboabo a Kumasi har ataya ya ƙone a kan gawayi ba wanda ya lura, saboda musu. Kuma ba musun ƙwallon Kotoko ba ne ba na siyasa ba, musun bashin jirgin sararin samaniya ne, wanda ko wanzuwa bai yi ba. Ku yi dariya, ni ma na yi.

Akwai wani wasa da ƙanen abokina da ke karatu a jami'ar KNUST ya koya mana, sunansa Traveller, wani Ba'amurke Marc Miller ya fito da shi tun 1977. Takarda ce da fensir da dayis biyu irin na ludo, mutum ɗaya ne rafali shi ke ba da labari, mu kuma 'yan tireda ne masu yawo tsakanin duniyoyi da kumbo. Abin da ya ba ni mamaki ranar farko, tun kafin ka harba bindiga ko ɗaya bashi ne a wuyanka. Ƙaramin kumbon 'yan kasuwa mai tan 200 kuɗinsa kiredit (kuɗin wasan kenan) miliyan 37 da 'yan kai, ka ajiye kashi 20 cikin 100, sannan duk wata ka biya ɗaya bisa 240 na kuɗin, wato 154,500, har wata 480. Shekara 40 kenan fa. Ustaz ɗinmu ya zauna ya buga lissafi a waya ya ce kashi 220 cikin 100 za mu biya gaba ɗaya, wannan riba ce tsagwaronta shi ba ruwansa, amma har yau shi ne injiniyan jirgin.

To ga inda musun ya taso. A duniyar wasan nan babu waya babu intanet tsakanin taurari, labari sai jirgi ya ɗauke shi ya kai, kuma kowane tsalle daga wannan tauraro zuwa wancan mako guda yake ci. Sai direbanmu ya ce to me zai hana mu gudu da kumbon? Kafin banki ya ji ma mun yi nisa. Rafali ya ce ai shi zai sa bankin ya dasa na'ura a inji, ka tsallake biya wata uku inji ya mutu da kansa. Nan ni na ce a'a, wannan dabarar mai ba da bashin da bai san aikinsa ba ce, kuma ba a littafi na koya ba, a tsakar gidanmu na gani.

Kawu ya taɓa ba wani yaro Pragya, wato keke mai ƙafa uku na haya, a kan wok-an-pe, kun dai san tsarin, ka riƙa kawo sels duk mako ta momo, wato tura kuɗi ta waya, har ka gama biya keke ya zama naka. Ya sa tiraka, na'urar da ke nuna inda keken yake, kullum bayan la'asar yana kan tabarma da tabarau a bakin hanci yana kallon ɗigo yana yawo a waya, hankali kwance. Mako biyu ba kuɗi, waya a kashe, amma ɗigo na nan yana kai da komo tsakanin Kejetia da Tafo. Ashe yaron ya sa mai wayarin ya cire abin an ɗaura a ƙarƙashin kujerar wata trotro, motar haya. Kawu yana gadin motar wani bai sani ba.

Me ya dawo da keken? Takardu suna sunan Kawu, yaron ya kasa sayarwa sai da farashin kwangiri. Inji ya buga masa a arewa, makanikin da ya kai wa kuwa a Magazine, matattarar makanikai da ke Suame a Kumasi, ya koyi aiki, kaya ma daga can zai sa a aiko masa, magana ta bi kayan gyara ta iso Kumasi. Ga kuma garanto, yayan uwar yaron ne, sahu ɗaya suke sallah da Kawu, bawan Allah ya kasa ɗaga ido a masallaci. Garanton da kansa ya hau mota ya je ya taho da keken.

Haka bankin Traveller yake idan ka karanta dokokin da kyau. Kumbo ba raƙumi ba ne da zai ci ƙaya ya rayu. Duk shekara sai an yi masa babban gyara na mako biyu, kuma sai a tasha mai daraja A ko B, inda hukuma take, inda ake duba takardu. Tataccen mai 500 ne tan ɗaya, ɗanye 100, ka ce za ka yi ta shan ɗanyen a lungu to kana ƙara haɗarin tsallen ya kauce ka faɗa inda ba kowa. Sannan kaya da fasinja, tan ɗaya 1,000 ake biya, wurin kayanka tan 82, wane ɗan kasuwa ne zai zuba dukiyarsa a jirgin da ake nema? Kuma kumbon namu gida ɗaya yake tsallakewa a taswira, jiragen wasiƙa na daular da ke mulki a wasan suna tsallake huɗu, sunanka zai riga ka isa ya zauna yana jiranka. Ga miliyan 7 da ka riga ka ajiye, ta tafi kenan. Masu farautar jiragen da suka gudu suna nan, rafali na jefa dayis a kai idan kun sauka, amma su kamar 'yan ƙarashe ne, yunwa ta riga ta yi musu rabin aikin.

Na'urar kashe inji kuma, wlh ko a wasa ba ta da kai. Ka kashe inji jirgi yana tsakiyar sarari, mutanen ciki su mutu, miliyan 37 ɗinka ta ɓace a duhu, wa ka hukunta? Kuma duk abin da mutum ya ɗaura mutum zai kwance, injiniya zai shafe shekara 40 yana kallon wayoyin nan. Mafi muni tana kashe daɗin wasan, domin ni abin da ke sa na dawo duk Asabar shi ne ƙofar gudun a buɗe take muna kallonta, muna lissafin ko ta fi biya sauƙi, wani lokaci har mu ɗauki kayan da ba a tambayar abin da ke ciki don dai a cika kuɗin wata.

Direba bai yarda ba har yanzu, ya ce ni matsoraci ne tarbiyyar Kawu. Rafali dai ya janye na'urarsa amma murmushin da ya yi bai kwanta min ba. Asabar mai zuwa wata ya cika, 90,000 ke asusunmu, kuma Ustaz ya riga ya ce injin tsalle yana wani ƙara.