Ƙibar doki ba ita ce ƙarfinsa ba

Mutane da yawa suna zaton idan mahayi mai jiki ne, maganin abin shi ne a ƙara wa doki abinci har ya yi ƙiba. Wannan kuskure ne mai cutarwa. Kitse kaya ne da dokin ke ɗauke da shi tun kafin a ɗaura masa sirdi.

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada nauyin mahayi da sirdi ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin dokin. Mai kilo 450 zai ɗauki kilo 90 ke nan. Amma da nauyin lafiyarsa ake lissafi, ban da teɓa.

Abin da ke ɗaukar mutum shi ne tsokar baya da ta ciki da ta cinya, sai kaurin ƙashin ƙwauri da faɗin kwankwaso. Tsoka tana ginuwa cikin makonni, jijiya da ƙashi kuwa sai an yi watanni. A nan ake yaudaruwa: doki ya murje, mai shi ya ɗauka ya shirya, alhali ƙafafun ba su ƙosa ba. Tafiyar taku mai tsawo da hawan tudu a hankali, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, sun fi sukuwa amfani nesa ba kusa ba.

Sirdi ma kada ya zarce haƙarƙarin ƙarshe. Bayan an sauka a shafa gadon bayansa. In ya noƙe ko ya kwantar da kunne, ciwo yake ji, a rage masa aiki.