Fijo Mai Ƙofa Biyu

A Kaduna, duk bakaniken da furfura ta fara taɓa gemunsa zai rantse maka cewa ko daga barci aka tashe shi, zai kwance injin Fijo 504 ya mayar tun kafin ya wanke ido. Ba cika baki ba ne. Tun 1975 ake haɗa motar nan a Kakuri, ba a daina ba sai 2006, alhali su Faransawan da suka ƙirƙiro ta sun daina ƙera ta a ƙasarsu tun 1983. Ita ce motar ofis, ita ce ta tashar Kawo, ita ce ta kai amarya. Saboda haka da na yanke shawarar farfaɗo da tsohuwar motar tsere don nishaɗi, lissafina bai da wuya: in dai Fijo ce, kuma a Kaduna nake, ai kayanta ko a bola na tona zan samu.

A Samaru ta Zariya na gan ta, a bayan wani gida, an ɗora ta a kan duwatsu a gindin mangwaro. Magajin gidan ya ce mahaifinsu ya saye ta a hannun wani Bature malamin jami'a da zai koma gida, kuma tun rasuwar tsohon kaji ne ke haya a ciki. Da na share ƙurar bayanta na ga 504, na ƙirga ƙofofi na ga biyu, sai na ce a raina abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Ga wanda bai sani ba, ba irin 504 ɗin da ya shiga zuwa Kano ba ce. Sunanta 504 Coupé, an fara nuna ta a bajekolin motoci na Janeba a 1969. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta, shi ɗin da ya yi shekaru yana zana wa Ferrari, kuma a lokacin a can Italiya ake ƙera jikin, sannan a kai Sochaux ta Faransa a sa inji. Da irinta mai injin V6, wato mai silinda shida, Jean-Pierre Nicolas ya lashe gasar Safari ta Kenya a 1978. Tawa ƙirar 1973 ce, mai silinda huɗu, ba V6 ba, amma idan ina ba da labarin Safari a majalisa ba na ganin dalilin cika mutane da bayani.

Da janwe ya sauke ta a ƙofar gida, uwargida ta leƙo, ta zagaya ta sau ɗaya, ta tsaya.

"Abban yara, ina sauran ƙofofin?"

Na ce haka aka ƙera ta, motar gudu ce.

"To mu da yara biyar ta ina za mu shiga? Ko kuɗin ƙofa biyu ka biya, sai ka cika a ba ka sauran?"

Ban tanka ba. Washegari kuma wani yaro mai tura baro ya yi sallama, ya tambaya cikin ladabi ko an sa wa ƙarfen nan kuɗi.

Na kai ta garejin wani dattijo da kowa ke kira Oga, wanda ya ce a hannunsa 504 ta tashi. Ya zagaya ta yana ƙwanƙwasa jikin da sifana, ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ya miƙe.

"Alhaji, an cuce ka. Wannan hatsari aka yi da ita, aka yanke tsakiyar aka haɗa gaba da baya. Amma wallahi mai waldar ya iya aiki, ko tabo babu."

Ni dai ban taɓa zuwa Makka ba. A gareji, aljihun mutum ne ke ba shi Alhaji, kuma ina iya shaida cewa kafin aikin nan ya ƙare na sauko zuwa Malam, daga baya ma na koma "kai mai jar motar nan".

Oga bai yi kuskure wajen awo ba, gajera ce. Tsakanin tayar gaba da ta baya, salun, wato mai ƙofa huɗun da muka saba da ita, tana da mita 2.74, wannan kuwa 2.55. Santimita 19 ɗin nan su suka cinye mini albashi. Jikin motar gaba ɗaya babu falle ɗaya da ya dace da na salun: ƙofa, bonet, murfin but, gilashi, kowanne da nasa awon. Amma ka je Panteka ka faɗi haka. Duk rumfar da na shiga amsa ɗaya ce, "Fijo ai Fijo ce, ɗauka ka je, in bai shiga ba ka dawo." In ka dawo kuma sai a ce mai rumfar ya tafi sallah. Na je Ƙofar Ruwa a Kano, na dawo da furofela sabuwa dal. Da aka gwada, ta yi tsawo daidai da abin da littafi ya ce za ta yi. Mai walda ya ce a ba shi minti goma. Na ce kada ya taɓa. Na juya in amsa waya, na juyo na ga tartsatsi.

Fitilun baya ma sun so su raba ni da rewaya. Ƙirar farko fitilu uku-uku gare ta a kowane gefe, a jere a karkace, kuma su ne adon motar. Na hagu duk sun farfashe. Rewaya ya kawo shawara a sa na Keke Napep, ya ce sun fi haske, ga araha. Daga ƙarshe a intanet na samo su wajen wani tsoho a Faransa, kuɗin aikowa ya fi kuɗin fitilun, na ɓoye rasit a cikin littafin da na tabbata uwargida ba za ta buɗe ba, wato littafin gyaran motar.

Duk wannan wasa ne. Babban aikin yana ƙarƙashin bonet.

Fijon da muka saba da ita kafireto gare ta, kuma kowane yaron gareji ya san yadda ake tsotsar fetur da baki a fesa mata ta tashi. Wannan babu kafireto. A gefen injin akwai wani famfo ɗan Jamus mai suna Kugelfischer, irin wanda BMW ta sa a 2002 tii, da siraran bututu huɗu suna fita daga kansa, kowanne zuwa silinda ɗaya. Babu kwamfuta, babu waya mai tunani, ƙarfe ne zalla yake auna fetur gwargwadon yadda ka taka totur da yadda injin ke juyawa, ya harba shi da ƙarfi. In an saita shi daidai, motar na ba da ƙarfin doki 104. In fetur ya kwana shekaru a cikinsa ya zama danƙo, sai addu'a.

Oga ya buɗe bonet ya yi shiru. Ya cire hula ya sosa kai. Ya aika a kira masa maƙwabcinsa, maƙwabcin ya kira nasa maƙwabcin, kafin la'asar bakanikai sun kewaye injin, har da mai shayi. Bayan doguwar shawara aka cimma matsaya: injin dizal ne. Aka kwance famfon aka kai wa mai gyaran famfon tirela. Ya sunsuna, ya ce fetur ne, ba hurumina ba. Aka dawo da shi, Oga ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa ganin fetur da nozul ba a Fijo, a mayar. Famfon nan ya sha yawo a bayan achaɓa fiye da yadda motar ta yi tafiya a shekara talatin.

Ana cikin haka aiki ya kai ni Abuja. Ranar da na dawo, tun daga bakin layi na ji wata ƙara mai daɗi, na shigo na tarar da motata tana aiki, salansa na fitar da hayaƙi, yara na tafi. Oga na tsaye ya harɗe hannu.

"Malam, na raba ka da wahala. Na cire wancan tarkacen na Jamus, na sa maka kan injin salun da kafiretonsa. Yanzu ko a Birnin Gwari ta mutu, yaro zai tayar maka."

Ya kamata in yi faɗa. Amma mutumin da ya kusa shekara yana kallon mota a kan duwatsu, ya ji ta tana numfashi, ba faɗa ke zuwa masa ba. Na rungume Oga, baƙin mai ya ɓata mini shadda, na ƙara masa da tukuici.

Aka yi fenti ja, aka ɗinke kujeru. Fitar farko na ce sai surukina ya sa albarka, don shi ma tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi zamani da 504. Ranar Juma'a na je ɗaukarsa zuwa masallaci. Ya fito cikin babbar riga mai aska takwas, ta sha sitaci, ga rawani. Na buɗe masa ƙofar gaba.

"A'a, Malam. Ni tun ina aiki ban taɓa zama kusa da direba ba. Baya zan shiga."

"Baba, bayan nan na yara ne, ba shi da faɗi."

"Fijo za ka gaya mini?"

Na kwantar da kujerar gaba. Ya sa ƙafar dama, ya sunkuya, rawani ya bugi rufi ya zamo kan ido. Ya tattare hannun riga ɗaya, ɗayan ya maƙale a abin ɗaga kujera. Da kyar da bismilla ya faɗa ciki, gwiwoyinsa suka tsaya daidai haɓa. Duk hanya bai ce uffan ba, sai dai ina hango idonsa a madubi. A ƙofar masallaci kuwa shiga ta zama wasa, fita ce aiki. Ƙafarsa ta yi sanyi, rigar ta naɗe da bel. Ni ina jan hannu, wani bawan Allah ya zagaya ta ɗaya ƙofar yana turowa, almajirai sun yi da'ira suna ba da shawara, muka zaro shi kamar ana fitar da buhun gero ta bakin rumbu. Liman ya riga ya hau mumbari. Da aka idar, Baba ya aiko yaro ya ce in tafi abina, zai hau Keke.

Duk da haka na ɗauki hotunanta na sa a wani zauren masoya tsofaffin Fijo. Cikin dare wani Bafaranshe ya turo saƙo, ya ce bai taɓa zaton akwai irinta da rai a Najeriya ba, jikin nan babu tsatsa, in zan sayar ga abin da zai biya. Na buga kuɗin da canjin yuro na ranar, na sake bugawa, na tashi uwargida daga barci na nuna mata. A karon farko ta ce, "Ai ni dama na san motar nan tana da kyau." Sai ya ce in turo hoton injin. Na tura. Amsa ta zo da gajeren layi ɗaya: ina Kugelfischer? Ya bayyana cewa a wajensu famfon nan shi ne rabin darajar motar, in babu shi, to salun ce sanye da rigar Italiya.

Ko karyawa ban yi ba na isa gareji. Oga ya ce yana nan, ai ba a zubar da kayan mutane. Ya duba ƙarƙashin benci, ya duba cikin wata matacciyar bas, sannan ya ƙwala wa yaronsa kira. Yaron ya zo yana kallon ƙasa. Ya ce ya ga abin ya daɗe a yashe, ɗan gwangwan ya zo wucewa, ya ɗora a sikeli. Na ce nawa ya ba ka? Ya ce ya dai isa taliya da ƙwai biyu.

Muka bi sawu. Ɗan gwangwan ya tuna da shi sarai, ya ce ai ya fasa, ƙarfen ciki ya tafi da lodin Legas, gangar jikin kuwa alminiyom ce mai kyau, masu zubin tukwane ya kai wa. Muka tarar da mai zubin yana fifita wuta. Na kwatanta masa, na nuna hoto a waya. Ya gyaɗa kai, ya nuna mini jerin tukwane sababbi suna ƙyalli a rana.

"Zubin shekaranjiya ne. Yana cikin waɗannan, amma ban san wacce ba. In kana so ka tabbata, sai ka kwashe duka shidan."

Na yi ciniki, ya yi mini ragi saboda ya ga halin da nake ciki. Na loda su a kujerar baya, inda suka zauna daram ba tare da an tura kowa ba. Uwargida ta ɗaga babbar ta ƙwanƙwasa gindinta, ta ce a gaya wa Baturen tukwanen ba na sayarwa ba ne, motar dai in yana so ya zo ya ɗauka.