Bankak ta yi rana, amma ba kowa ta kai wa ba

Marubucin labarin da ya ce banki ya ceci mutane a Sudan ya yi gaskiya, Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya ta Bankin Khartum, ta riƙe mutane tun da yaƙin Sudan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, aka wawushe rassan bankuna a babban birnin. Ma'aikatan bankin da suka ci gaba da aiki alhali su ma gudun hijira suke, Allah ya saka musu. Sai dai labarin ya tsallake wani abu. Kuɗin da ke cikin waya ba ya sayen dawa a kasuwar ƙauye, sai ka nemo ɗan kasuwa mai tsabar kuɗi, ya zare nasa kaso kafin ya ƙirga maka sauran. Da aka katse intanet a Fabrairun 2024 kuwa, layi aka riƙa yi wajen masu Starlink, intanet na tauraron ɗan adam, ka biya don kawai ka duba ko ɗan'uwa ya turo. Kai mai cewa banki ya ceci kowa, Hausawan jihohin Jazira da Sinnar marasa asusu fa, wa ya tuna da su lokacin canjin takardun kuɗi na ƙarshen 2024, da sai ta asusun banki ake canjawa?