Ku daina yi wa yara ƙarin shekaru a waya

Ƴan uwana iyaye, da ku yayye maza da mata, akwai abin da ake yi kullum a shagunan gyaran waya da cikin gidajenmu wanda ya ishe ni. A miƙa wa yaro ɗan shekara goma waya, a zo buɗe masa TikTok ko Instagram, manhaja ta tambayi ranar haihuwa, sai babba da hankalinsa ya karɓa ya rubuta 2000. Wai taimako ya yi! Haba jama'a, wace irin ƙauna ce wannan?

Wannan tambayar ba ado ba ce. Tun 1998 Amurka ta kafa dokar COPPA, wadda ta hana kamfani tattara bayanan yaron da bai kai 13 ba sai da izinin iyayensa, daga nan yawancin manhajoji suka sa 13 ta zama iyaka. A 2019 sai da Google ya biya dala miliyan 170 kan tattara bayanan yara a YouTube. Birtaniya ta yi tata dokar a 2023, hukumar kula da sadarwa ta ƙasar, Ofcom, ke sa ido. Ostireliya ta fi kowa tsanani: daga 10 ga Disamba 2025, ɗan ƙasa da 16 ba shi da izinin mallakar shafi a manyan manhajojin sada zumunta, kamfanin da ya yi sakaci kuma tararsa na iya kaiwa dalar ƙasar miliyan 49.5. A Najeriya ma dokar kare bayanai ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye ko mai riƙo kafin a sarrafa bayanan yaro.

To duk wannan katangar, lamba huɗu da ka rubuta ta rushe ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kai ne ka tsaga shi. A TikTok, wanda bai kai 16 ba ba ya aika ko karɓar saƙon sirri, wanda bai kai 18 ba ba ya fitowa kai tsaye, kuma ana tsayar da shi bayan minti 60 a rana. A Instagram, tun 2024 shafin matashi a kulle yake zuwa, baƙo ba ya turo masa saƙo, sanarwa na yin shiru daga ƙarfe 10 na dare zuwa 7 na safe. Da ka ce an haife shi a 2000, ko ɗaya bai samu ba. Ƙato ɗan shekara arba'in zai shigo wa ƴarka da "salam ƙanwata" tsakar dare, manhaja ba za ta hana ba, don kai ka shaida mata babbar mace ce.

Masu cewa "uku kawai na ƙara masa" su ma su saurara. Ɗan 10 da aka mayar 13, ranar da ya cika 15 manhaja za ta lissafa shi 18 ta cire duk kariyar, daidai lokacin da ƙuruciya ke kan ganiyarta. Mafi muni shi ne yayan da ke ara wa ƙaninsa fuska idan an nemi hoton bidiyo don ƙiyasta shekaru, ko ya ɗora katin shaidarsa. Da irin wannan aron ne yara ke faɗawa cacar ƙwallo, wadda ita ma ta cinye kuɗin makarantar da yawa, iyaye na zaune ana cewa wai yaro ya iya waya.

Gyaran ba wuya. A goge shafin ƙarya, a buɗe da shekarun gaskiya idan ya kai, a haɗa wayarsa da taka ta tsarin sa idon iyaye, wato Family Link na Google ko Family Pairing na TikTok. Amma wa zai yi? Uwar da ta ba shi wayar don ya bar ta ta kalli nata bidiyon?

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa da ƙarya muke fara masa karatu. Ya ga babansa ya yi ta ba ko kunya, gobe da wane baki za a ce masa ya faɗi gaskiya? A da ɗa na kowa ne, maƙwabci ya gan ka bayan isha'i a waje ya koro ka gida, baƙo kuwa a zaure yake tsayawa sai maigida ya fito. Yau baƙon yana ƙarƙashin bargon yarinya a cikin waya, maƙwabcin da ya yi magana kuma a ce masa ina ruwansa.