Garin Kaduna na buƙatar shugaban da aka zaɓa

A watan Nuwamban 2025 mutanen New York suka zaɓi Zohran Mamdani magajin garinsu. A lokacin ɗan majalisar dokokin jiha ne tun 2021. A Amurka, barin majalisar jiha a karɓi ragamar birni ci gaba ne. Willie Brown ma sai da ya yi kusan shekara 15 yana kakakin majalisar California kafin ya zama magajin garin San Francisco a 1996.

A nan Kaduna tafiyar ta sha bamban. Kansila na hangen ciyaman, ciyaman na hangen Lugard Hall, zauren majalisar dokokin jiha, wanda ke Lugard Hall kuwa idonsa na Abuja. Duk ɗan majalisar da ya ce zai nemi ciyaman, yaransa ne za su fara tare shi: "Haba Honarabul, ai wannan ci baya ne."

Ban cika ganin laifinsu ba. Shekara da shekaru kuɗin ƙananan hukumomi na bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, ciyaman na jiran abin da aka yago masa. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Amma a zaɓen Oktoban 2024 APC ta kwashe kujerun ciyaman 23 da na kansila 255 kaf, kamar yadda jam'iyyar gwamna ke yi a kusan kowace jiha. Wanda ya hau kujera ta wannan hanya ya san ƙofar da zai riƙa kai gaisuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne garin kansa ba shi da shugaba guda. Kawo na Kaduna ta Arewa, Tudun Wada na Kaduna ta Kudu. Mutumin Rigasa, wanda tashar jirgin ƙasa ke bayan gidansa, sakatariyarsa na can Turunku. Na Sabon Tasha sai Kujama. Idan kwata ta toshe da leda a damina, ruwan da ya taso daga wata ƙaramar hukuma a tsakar gidan mutumin wata yake kwana, kowane ciyaman kuma ya ce ba huruminsa ba ne.

Gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta gane wannan, shi ya sa a 2021 ta kafa hukumar kula da birnin Kaduna, da irinta a Zariya da Kafanchan. Tunanin ya yi. Sai dai gwamna aka ba ikon naɗa shugaban hukumar, don haka ba mai shara ko ɗan kasuwar da zai iya ce masa "mu haɗu a akwati".

Gyaran yana hannun 'yan majalisar jihar nan 34. Majalisar da ta tsige Gwamna Balarabe Musa a 1981 ba za ta ce doka guda ta gagare ta ba. Su yi dokar kujerar shugaban birni ta zaɓe, da wa'adi da kasafinta a fili.

Za a ce ƙarin kashe kuɗi ne, za a ce gwamna ba zai so kishiya a garin da yake zaune ba. Na biyun ya fi kama da gaskiya. Amma tun rikicin 2000 kogin Kaduna ya raba mazauna garin gida biyu, kuma ɗan majalisa na iya cin zaɓe da ƙuri'ar tsallake ɗaya. Mai neman shugabancin garin gaba ɗaya dole ya haye gada ya roƙi ƙuri'a a Barnawa da Kakuri kamar yadda zai roƙa a Unguwar Sarki.